Tsawon Kawu

Ƙarar karyewar kara na fara ji. Ina sa ƙafa a tsakar gidan Kawu da hantsi, sai na ji ƙas! daga bayan danga. Wani ne ya karya karan dawa, zai shiga da shi ɗaki ya auna tsawon gawa a kai wa masu haƙa kabari. Haka ake yi a wurinmu, kuma ban taɓa jin ƙarar ta dame ni ba sai ranar. Na tsaya cak, domin na san duk wanda ya ji ta a gidan nan, ni zai tuna.

Mata sun cika rumfa har bakin madafa. Na gaishe su, aka amsa ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta matsa ta ba ni gefen tabarma, amma ta janye zanenta don kada ya taɓa nawa. A bayana na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "Ita ce mai awon." Matar Kawu, wadda muke kira Iya, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Iya, ya haƙuri?" Ta dubi bango ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Na tashi na koma gefen tabarma.

Abin da ya faru a waje yayana ne ya ba ni labari. Ya ce masunta sun zo daga Warra a jirgi guda, ƙafafunsu duk laka. Wani tsohon malamin makaranta Kirista daga tsaunukan Shanga, abokin aikin Kawu na dā, ya zauna a ƙarshen tabarma da hularsa a gwiwa, har aka tafi maƙabarta aka dawo bai motsa ba. A cikin gida kuwa, wata mai bandar kifi da ke sana'arta a bakin tafki ta share hawaye ta ce, "Ni dai har shi rasu ban san mi yake nema cikin kwalin nan ba. Amma in na hango shi ya tsaya yana ƙirga taku, na san lokacin juya kifi ya yi." Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta da sauri.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan. Na ɗauki alƙalami ne don na lura mutane sun fara kiransa "tsohon nan mai kwali", kuma ina tsoron nan gaba kaɗan kwalin ma za a manta.

Kawu yayan Innata ne. Ya yi aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, yana wanke kwalabe yana jera kayan aiki kafin ɗalibai su shigo. Bai yi karatu mai zurfi ba. A can ya tsinci wani ƙaramin madubin hangen nesa da aka ware za a zubar, ya roƙa aka bar masa. Shi bai taɓa kiransa da wani dogon suna ba, bututu yake ce masa. Kowace safiya, in rana ta ɗaga, zai ɗauki bututun da wani kwali ya gangara bakin tafki a Yelwan Yauri. Ba ya kallon rana da ido. Yakan saita bututun ne hasken ya faɗa kan farar takarda a cikin kwalin, sai ga faifan rana ya bayyana kamar marfin ƙwarya. A jikin faifan akwai baƙaƙen tabo ƙanana, wasu ɗaiɗai, wasu a gungu kamar an watsa gero. Su yake zanawa da fensiri, kowanne a mazauninsa. Ya yi wannan kusan shekara talatin.

In ya gama zane sai ya cire takalmi, ya juya wa rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare. Daga nan ya taka zuwa wurin, dunduniya na taɓa yatsa, yana ƙirgawa a hankali. Ya dawo ya rubuta a ƙasan zanen: inuwa, ƙafa goma sha ɗaya. Ko goma. Ko sha uku da rabi. Wannan shi ne agogonsa. Mahaifinsu ladan ne a tsohon ƙauyensu wanda ruwan tafki ya rufe tun Kawu yana yaro, kuma da inuwarsa yake sanin lokacin azahar da la'asar. Kawu ya gaji awon daga gare shi, ya juyo da shi safiya. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi ɗaura agogo kamar kowa. Ya ce, "Uwata, shiga kasuwa ki tambayi mutum biyar ƙarfe nawa. Ki dawo ki gaya min wanda zan bi." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Ina 'yar shekara shida aka yi husufin rana. Na tuna yadda kaji suka nufi akurki, maza suka nufi masallaci, mu kuma yara muna ta ɗaga kai. Kawu ya bi unguwa yana daka mana tsawa, "Ku dubi ƙasa! Wanda ya dubi sama sai ya sha bulala!" Ya kora mu gindin wata bishiyar darbejiya ya ce mu duba inda haske ke ratsa ganye. A ƙasa, duk ɗigon haske ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, suna rawa a kan ƙafafunmu da zannuwanmu. Na tsuguna na tara hannu, guda ya sauka a tafina. Kawu ya sunkuyo ya ce, "Riƙe shi da kyau, ba kullum ake ba da shi ba." In an tambaye ni yaushe na zaɓi karatun kimiyyar sararin samaniya, ranar nake faɗa.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba. Iya ta sha fama. Ba ya kwana a wani gari in yana da yadda zai yi, don kada safiya ta wuce shi. Ranar ɗaurin auren babbar ɗiyarsa, dangin ango sun zauna, liman ya zauna, goro ya zo, aka nemi uban amarya aka rasa. Yana bakin tafki, wai wani babban gungun tabo ya ɓullo ta gefen gabas. Da ya dawo, Iya ta tare shi a soro, mu muna ji.

"Malam, rana kai ka haife ta?"

"A'a."

"To wadda ka haifa tana ciki, kuma yau za ta bar gidanka."

Ya wuce ya sa babbar riga. Amma washegari ya koma bakin tafki. Ban taɓa jin Iya ta zagi littattafan da yake tara zanensa a ciki ba, ban kuma taɓa ganin ta taɓa su ba, ko da shara take yi. Suna cikin akwatunan ƙarfe biyu a ƙarƙashin gadonsa, damina na sa musu danshi, gara na neman hanya.

Ina tsakiyar digiri na biyu aka fitar da sanarwar tallafin bincike na gwamnati kan rana da sararin samaniya. Da na karanta, littattafan Kawu ne suka faɗo mini a rai. Tabon rana yana ƙaruwa yana raguwa ne a zagaye na kimanin shekara goma sha ɗaya, kuma hargitsin da ke tafe da shi yana shafar rediyo da taurarin ɗan'adam. Kawu yana da kusan zagaye uku a ƙarƙashin gado, daga wuri guda, da hannu guda. Da tallafin za a ɗauki hoton kowane shafi kafin gara ta gama da su, a fitar da bayanan, a adana su inda masu bincike za su samu, da sunan wanda ya zana. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba.

Na zo hutu na same shi a bakin tafki na gaya masa. Lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, amma yana fita.

"Kawu, gwamnati ta buɗe neman tallafi kan binciken rana."

"Ashe sun gano akwai rana. Madalla. Wa ya gaya musu?"

Na bayyana masa cewa dokar neman ta ce sai mai digirin dakta ne zai jagoranta, kuma malamina ya yarda ya tsaya. Ni zan zama mataimakiya, shi kuma Kawu za a sa shi a layin wanda ya tattara bayanai. Na yi zaton zai ji haushi. Sai ya dubi ruwa ya ce, "In akwai sauran wuri a layin, a sa ladan. Awon nashi ne." Ya bar ni na ɗauki hoton wasu shafuka da wayata, yana tsaye a kaina yana cewa in wanke hannu.

Wata biyu na yi ina cika fom. Kwanan watan da Kawu ke rubutawa na Musulunci ne, yadda aka sanar da ganin wata, amma da yake yana haɗawa da sunan ranar mako, na iya mayar da su ba kuskure. Na rubuta manufa, na rubuta tsarin aiki, na nemo takardun shaida daga ofis zuwa ofis. Saura kwana goma a rufe, malamina ya kira ni. Ya baza hotunan zanen a tebur, ya ɗora yatsa a kan wani akwati a fom ɗin, inda aka ce a faɗi kayan awon da aka yi aiki da su da yadda aka tabbatar da ingancinsu.

"Wannan dukiya ce," in ji shi. "Amma zane ba lokaci hoto ne kawai. Agogon mutumin nan jikinsa ne. In tsawonsa ya kai ƙafarsa bakwai, inuwa goma sha ɗaya tana nufin wani lokaci. In shida da rabi ne, wani lokacin ne daban. Kin san tsawonsa?"

"A'a, Malam."

"Tsawon tafin ƙafarsa fa?"

Na girgiza kai.

"Masu tantancewa ba su san kawunki ba. Ki je ki auno shi. Aikin minti biyu ne."

Na sayi tef irin na teloli a bakin tasha na hau mota. A hanya ina ta lissafin yadda zan tsayar da shi a jikin bango, in ɗora littafi a kansa, mu yi dariya. Ban san cewa ya yi mako uku bai taka ƙasa ba. An ɓoye mini don kada karatuna ya taɓu.

Da na gaya wa Inna abin da ya kawo ni, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Ke, rufa min asiri. Ba a auna mara lafiya."

"Inna, ba wani abu ba ne. Lissafi ne."

"Na ji. Ki bari shi tashi."

"Saura kwana tara."

Ta dube ni ta ce, "Kwana taran wa? Naki ko nashi?"

Kwana uku ina zuwa ina zama a ɗakinsa, tef ɗin yana cikin jakata. Ya rame a sama, ya kumbura a ƙasa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Iya ba ta barin gefen gadon, masu dubiya kuma ba sa yankewa. In ya farka yakan ce, "Uwata, an yi hadari yau?" in ce a'a, sai ya rufe ido. Sau biyu na buɗe baki zan tambaye shi, sau biyu na kasa. Ta yaya za ka dubi dattijon da ke kwance haka, a gaban matarsa, ka ce ina son in san tsawonka? Kowace yamma malamina yana kira, ni kuma ina cewa gobe.

Rana ta huɗu bayan azahar, ɗakin ya zama ba kowa. Iya ta fita dama kunu. Kawu yana barci rigingine, ƙafafunsa a miƙe, abin da bai cika yi ba. Na ce a raina ba zai sani ba, Iya ba za ta sani ba, in an samu tallafin sai in ba shi labari mu yi dariya. Na zaro tef, na ɗora bakinsa a kan matashi daidai tsakar kansa, na fara warwarewa a gefensa. Na wuce kafaɗa. Na wuce ƙugu. Ina daidai gwiwa na ji kwano ya faɗi a bayana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Kunu ya malale har ƙarƙashin gado. Iya tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta biyu a ka.

"Mi nike gani? Ransa na jikinsa, ke kin zo da awo?"

"Iya, ki saurare ni, na bincike ne..."

"Likkafanin ma kin yanko, ko sai kin gama? Shekara talatin rana na ɗauke min shi kowace safiya ban ce komi ba. Yanzu 'yan kwanakin da sunka rage min, su ma sai an auna?"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Ni kuma na kasa sakin tef ɗin, yana reto a hannuna kowa yana gani. Kawu ya buɗe ido. Ya dubi tef, ya dubi Iya, ya dube ni. Na jira ya yi bayani, domin shi kaɗai ne a gidan zai gane abin da nake yi. Sai ya ce, a hankali, "Uwata, tahi gida." Ya juya fuskarsa bango.

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Wasu sun ce boko ya cire mini tausayi. Wasu sun ce akwai abin da ake yi da awon mutum, kuma ba a faɗarsa da rana. Inna ta je ba da haƙuri, ta dawo idonta jawur. Ni ma na koma sau biyu, Iya tana tare ni a soro ta ce yana barci. Na roƙi yayana ya shiga ya tambaye shi a asirce, ya ce, "Ki bar ni in ci gaba da shiga gidan nan, ko mutum ɗaya daga ɗakinmu ya rage." Na nemi tsohon katin aikinsa, babu tsawo a ciki. Na dubi silifas ɗinsa a bakin soro, sun fi ƙafarsa girma, kuma ko sun yi daidai, rabin amsa ne.

Saura kwana biyu, malamina ya kira. Da ya ji ban samu ba, sai ya ce, "Sa bakwai. Masu awon inuwa na dā haka suke ɗauka, tsawon mutum ƙafarsa bakwai. Ki rubuta an auna. Wa zai zo Yauri ya duba?"

Na ce zan yi tunani. Na zauna da hotunan shafukan a wayata ina wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba don ina neman wani abu ba. A watannin damina akwai shafuka da yawa da babu zane, sai da'ira fayau da rubutu a ƙasa: hadari, ban gani ba. Wani wurin kwana biyar a jere. Ya san sarai inda tabon jiya yake, ya san inda zai matsa yau, da ya ga dama da ya zana ba wanda zai sani har abada. Bai taɓa yi ba.

Ranar rufewa na tafi wani shagon intanet kusa da tasha tun da safe. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta. Shafin ya ƙi buɗewa, in ya buɗe kuma takardu su ƙi hawa. Mai shagon ya ce duk ƙasar ce ke rububi yau, in yi haƙuri. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato, ina kallon wata 'yar da'ira tana juyawa a allon kwamfuta, gumi na bin bayana. Na bar akwatin kayan awo zuwa ƙarshe. Na rubuta bakwai, na goge. Na sake rubutawa, na daɗe ina kallonsa. Daga baya na goge na rubuta cewa lokacin kowane zane an auna shi ne da inuwar mai zanen, kuma ba a samu damar auna tsawonsa da na ƙafarsa ba. Na danna aikawa. Ya shiga saura 'yan mintuna. Da na gaya wa malamina abin da na rubuta, ya ce, "Kin kashe takardar da hannunki," ya kashe waya.

Kwana shida bayan nan Kawu ya rasu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba game da safiyar rasuwarsa. Lokacin da mai awon gawar ya fito daga ɗaki da karan a hannu, ya ratsa tsakar gida zai fita, wani abu a ƙasan zuciyata ya ce mini, ga tsawonsa nan yana wucewa ta gabanki. Na bi karan da ido har ya ɓace a soro. Sannan na kifa kaina a gwiwa na yi kuka, matan suna zaton na rashi ne kawai. Har da na kunyar kaina.

Amsar tallafin ta zo bayan wasu watanni. An yaba da yawan bayanan, an ce ba za a iya tabbatar da lokutansu ba, don haka ba a amince ba. Ban yi mamaki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne juyawar nan da ya yi zuwa bango. Na yi ta maimaita ta. Na yarda cewa ya ga tef a kansa ya ji abin da Iya ta ji, kuma ya tafi yana ganin 'yar da ya kira Uwata ta fi damuwa da littattafansa a kan numfashinsa. Wani lokacin ina tsoron ko gaskiya ne.

Da Iya ta fita takaba, ta aiko a kira ni. Akwatunan biyu suna tsakar gida. Ta ce, "Kwashe su. Gara ta shiga na ƙasa." Na durƙusa zan yi magana, ta ɗaga hannu. "Ban ce na manta ba. Amma ba zan zauna ina ji suna cinye shi ba." Littattafan da ke ɗauke da zanen kusan shekara biyu sun lalace, sun zama gari. Sauran suna ɗakina a kan katako, na sa musu magani, ina ɗaukar hotonsu da waya kaɗan-kaɗan in na samu lokaci.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya yafe masa safiyoyin da ya ɗauka daga iyalinsa, ya ba Iya ladan haƙurinta. Ya haɗa shi da mahaifinsa ladan a inuwar da ba ta gushewa.

A watan jiya na shiga kasuwar Yelwa sayen zare wa Inna. Wani tsohon tela, wanda ya daɗe yana yi wa mazan unguwarmu ɗinki, ya taso daga kan kekensa ya kira ni. Ya ce zai tafi aikin Hajji, kuma akwai amanar da ba ya son ya hau jirgi da ita. Ya kore masu zama a shagon, ya ciro wani tsohon littafin awo, ya buɗe wani shafi da aka naɗe gefensa. Ya miƙo mini shi.

"Kwana biyu bayan abin da ya faru tsakaninki da matar kawunki, shi ya aiko a kira ni, wai zai yi ɗinkin Salla. Ya jira ta tahi karɓo magani. Na zaro tef zan auna kafaɗa, ya ce a'a, daga tsakar kai har ƙasa, kuma a tsaye. Na ce Malam, ba ka iya tsayuwa. Ya ce a kwance ba daidai yake fita ba. Ɗiyata, ni na ɗaga shi. Ya dafa bango, gumi na zuba, yana ta cewa in duba ko ya miƙe sosai. Sannan ya ce in auna tafin ƙafa. Na ce ni ba na ɗinka takalmi. Ya ce yau ka fara."

Na dubi shafin. Lambobi biyu ne, kowacce an rubuta ta sau uku.

"Ya ce in kai miki a ranar. Na fito ke nan na ji abin da ake faɗa a kanki a bakin masallaci, sai tsoro ya kama ni. Na ce bari ƙura ta lafa. Da ya rasu kuwa, na ce in anka ji ni ma na auna shi, na shiga uku. Ki yafe min."

Na tambaye shi me ya sa sau uku.

"Shi ya tilasta. Na yi na farko na ce an gama, ka kwanta. Ya ce a'a, sake. Uwata ba za ta rubuta abin da anka auna sau ɗaya ba."